Kashe mota daga wayar hannu: yadda za ka sa tiraka ta yi maka aiki ranar da aka sace motarka

Sana'ata wayarin mota, kuma a 'yan shekarun nan babu aikin da ake yawan kawo mini kamar ɗaura tiraka, wato na'urar bin sawun mota, mai kashe inji. Kusan duk wanda ya zo, tambayarsa ta farko ita ce wacce ce mai kyau, kuma nawa ce. Ni a wurina wannan tambayar ce ya kamata ta zo ƙarshe. Na'urar kanta ɗan akwati ce da bai kai tafin hannu ba, kuma ko mai arahar tana iya kashe mota. Abin da ke raba wanda aka dawo masa da motarsa da wanda ya tashi a tutar babu abu uku ne: layin da ke cikin na'urar, hannun da ya ɗaura ta, da mutumin da zai tura saƙon kashewa a daren da 'yan fashi suka haɗa har da wayarka suka tafi.

Ga yadda abin yake aiki a taƙaice. A cikin akwatin akwai abin da ke karɓar sigina daga taurarin ɗan adam na GPS don ya san inda motar take, akwai wurin sa layin waya, akwai ɗan ƙaramin batir na ko-ta-kwana. Daga jikinsa wayoyi huɗu ne suka fi muhimmanci: ta wuta, ta as wadda ake haɗawa da ƙarfen jikin mota, ta makulli wadda ke gaya masa an kunna mota, sai wadda ke zuwa rile, wato ɗan makunnin lantarki da ke haɗa wuta ko ya katse ta. Rilen nan shi ne mai aikin. Ana yanke wata waya da injin ba ya iya tafiya sai da ita, a bi da ita ta cikin rile. Idan ka tura saƙon tes ko ka danna a manhaja, na'urar ta ja rilen, wutar ta katse, mota ta mutu. Ka tura saƙon saki, wuta ta dawo.

Kada a haɗa wannan da tsaron da kamfani ke sa wa mota tun daga masana'anta, wato ɗan ƙwayar da ke cikin kan makulli wanda ƙwaƙwalwar mota ke tantancewa kafin ta yarda inji ya tashi. A Turai an wajabta wannan wa sababbin motoci tun 1998, Kanada ta bi sahu a 2007, amma Amurka ba ta taɓa wajabta shi ba. Shi ya sa a cikin motocin Kwatano da aka ɗauko daga Amurka za ka samu waɗanda ba su da shi sam, musamman tsofaffin ƙananan motoci da wasu Hyundai da Kia na tsakanin 2011 da 2021, waɗanda yara a can suka riƙa tayarwa ba makulli suna sa bidiyon a TikTok. Ko motarka tana da shi ma, amfaninsa ya tsaya ne ga ɓarawon da ya zo ba shi da makulli. Wanda ya tare ka a bakin get da bindiga ya karɓi makullin a hannunka, wannan tsaron ba ya hana shi komai. Nan ne tiraka take shigowa.

Zaɓen na'ura

Sunayen da za ka fi ji a kasuwa su ne GT06 na Concox, TK103 na Coban, ST-901 na SinoTrack, sai Teltonika ta ƙasar Lituweniya wadda ta fi su tsada kuma kamfanonin manyan motoci suka fi so. Jabun GT06 ya fi na gaskiyar yawa, don haka sunan da ke jikin kwali ba hujja ba ne. Ba zan faɗi farashi ba, don yana bin dala. Abin da za ka tambaya shi ne ko tana da wayar rile, don akwai masu nuna wuri kawai ba sa kashewa. Ka tambaya ko tana karɓar umarni ta tes ko sai ta manhaja kaɗai. Ka zaɓi mai yin duka biyun, domin akwai wuraren da data ba ta motsi amma tes yana shiga. Ka tambaya ko tana tura gargaɗi idan an cire kan batirin mota. Sannan ka tambayi wane sabis take kamawa: yawancin masu araha 2G kawai suke ji, wanda har yanzu yana aiki a Najeriya da Nijar, amma idan kana da hali ka ɗauki mai 4G da ke iya komawa 2G.

Tambaya mafi nauyi ita ce ko tana da birkin kanta na gudu. GT06N na gaskiya, alal misali, ba ya yanke mai sai ya ga motar tana tafiya ƙasa da kilomita 20 a awa. Idan umarni ya iso ana gudu, sai ya jira a rage. Wasu masu saye suna ganin wannan nakasu ne. Ni kuwa na'urar da ba ta da shi ba na son ɗaura ta a famfon mai, kuma zan faɗi dalili a ƙasa.

Irin wadda ake cusawa a ramin da ake sa kwamfutar duba lafiyar mota, ƙarƙashin sitiyari, ka bar ta. Nan ne wuri na farko da ɓarawo ke kai hannu, kuma cire ta bai fi cire caja ba.

Layin da ke ciki

A nan aka fi yin asara, kuma ba laifin na'ura. Mutum ya sa layi, ya zuba katin ɗari biyar, ya manta da shi shekara guda. Ranar da aka sace motar ya tura saƙo, shiru, ashe kamfani ya rufe layin tuntuni, wataƙila har an sayar wa wani da lambar. Kamfanonin waya suna rufe layin da ya yi watanni ba a kashe ko kwabo a kansa ba. Haka kuma a 2024, lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta sa aka toshe layukan da ba a haɗa da NIN ba, tiraka da yawa sun kurumce a cikin motoci masu su ba su sani ba, saboda layin da yaron shago ya sa musu ba a san ma da sunan wa aka yi masa rajista ba.

Saboda haka ka je da kanka ka sayi layin, ka yi rajista da sunanka da NIN ɗinka. Kafin a sa shi a na'ura, ka sa shi a waya ka tabbata yana kira yana tura tes, ka cire masa lambar kulle ta PIN idan akwai, ka kashe duk wasu saƙonnin talla da ke cinye kati. Ka rubuta lambar a takarda. Layin yana buƙatar abu biyu: data kaɗan don ya riƙa aika wurin da motar take zuwa manhaja, da kati don ya iya ba ka amsa ta tes. Data kaɗai ba ta biyan kuɗin tes. Ka ɗauki kamfanin da sabis ɗinsa ya fi ƙarfi a hanyoyin da ɓarawo zai bi ya fita daga garinku, ba wanda ya fi ƙarfi a ɗakinka ba. Kuma kada ka ba kowa lambar, don wanda ya san ta ya riga ya yi rabin tafiya.

Wace waya za a yanke

Hanya biyu ce aka fi bi. Ta farko a yanke wayar famfon mai. Idan rile ya ja, mai ya daina zuwa, inji ya yi 'yar shessheƙa na wasu daƙiƙoƙi ya mutu, ya kuma ƙi tashi ko an yi ta murza makulli. Ta biyu a yanke wayar da ke ba kik, wato abin da ke tayar da inji, umarni. Wannan ba ta kashe motar da ke tafiya, sai dai duk inda aka tsaya aka kashe ta, ba za ta sake tashi ba. Ta biyun ta fi aminci ga rai, amma mota mai giyar hannu ana iya tura ta ta tashi, kuma ɓarawon da bai kashe inji ba zai iya kai ta har inda mai ya ƙare.

Ni na fi son famfon mai, da sharaɗin na'urar tana da birkin gudun da na ambata. Dalili: idan inji ya mutu ana tsakiyar gudu, sitiyari mai aiki da mai yana yin nauyi nan take, birki kuma taku ɗaya ko biyu ne ya rage masa da laushi, daga nan sai ya zama dutse. Ka ɗauka motar tana kilomita 120 a hanyar Zariya, ga tirela a baya, ga 'yan makaranta a gefen titi. Ɓarawon ba shi kaɗai ne a kan hanya ba, kuma motar da ta wuntsila ba ita kake son a dawo maka da ita ba.

Ka tsaya a kan mai ɗaurawar ka ga abu kaɗan da idonka. Rilen ya zama daidai da motar: 12V ga ƙananan motoci, 24V ga manya. A bi da wayar da aka yanke ta ƙafa mai lamba 30 da mai lamba 87a, wato ƙafafun da suke a haɗe muddin ba a ja rilen ba. Amfanin haka, ranar da tiraka ta lalace ko ta ƙone, motarka za ta ci gaba da tafiya, ba za ta ajiye ka da iyali a daji ba. A sa fiyus a wayar wuta. A haɗa wayoyi da dalma a rufe da kyau, ba a murɗa su da hannu a naɗe da salatif ba, don a hanyoyinmu masu gargada wannan murɗin yana saki, sai mota ta riƙa mutuwa haka kawai a yi ta zargin famfo.

Motoci masu tashi da maɓalli, da masu haɗa batir da fetur irin Prius, da sababbin masu dizal, ba a yanka musu waya da ka. Ƙwaƙwalwarsu tana lura da kowace waya, kuskure kaɗan sai fitilu su cika dashbod. Waɗannan ka kai wa wanda ke da zanen wayarin motar a hannu. Babur da A Daidaita Sahu kuwa aikinsu ya fi sauƙi, wayar wutar fulogi ake bi, sai dai a nemi na'ura mai jure ruwa da ba ta shan batir.

Wurin ɓoyewa ba zan faɗe shi a nan ba, don ba masu mota kaɗai ke karatu ba. Ƙa'idar dai ita ce siginar GPS tana ratsa roba da gilashi da soso, amma ba ta ratsa ƙarfe, don haka fuskar na'urar ta kalli sama kuma kada ƙarfe ya rufe ta. A nisanta ta da zafin inji, domin zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya kumbura ɗan batirin da ke ciki. A raba rile da akwatin, kowanne a wurinsa, a naɗe wayoyinsu da irin abin da kamfani ya naɗe sauran, har ya zama mai leƙawa da tocila ba zai ga sabon abu ba. Bayan rediyo da ƙasan sitiyari kowa ya san su.

Lambar sirri da lambobin da aka yarda da su

Kusan duk waɗannan na'urori, kowace ƙira tana fitowa da lambar sirri iri ɗaya: 123456 a TK103, 0000 a ST-901. Umarninsu ma a rubuce yake a ɗan littafin da ke cikin kwali. A TK103 ana tura stop haɗe da lambar sirri don kashewa, resume don saki. A GT06N ana tura RELAY,1# da RELAY,0#. A ST-901 ana tura 940 ko 941 haɗe da lambar sirri. Jabu na iya bambanta, don haka littafin taka na'urar shi ne abin bi. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ya san lambar layin, kuma ba ka canza lambar sirri ba, zai iya sakin motar da ka kashe, ko ya kashe maka ita kana tuƙi. Ba tatsuniya ba ce: a Yulin 2022 kamfanin binciken tsaro na BitSight ya bayyana cewa tiraka ƙirar MiCODUS MV720 tana da ɓarakar da za ta ba baƙo damar yanke wa mota mai daga nesa, kuma 123456 ɗin nan na cikin matsalolin, har hukumar tsaron intanet ta Amurka ta fitar da gargaɗi.

To kafin ka bar garejin, ka canza lambar sirri ta tes da ta manhaja da hannunka, ba mai ɗaurawa ya canza ya gaya maka ba. Ka nemi a nuna maka jerin lambobin wayar da na'urar ke karɓar umarni daga gare su, a goge ta mai ɗaurawar a gabanka. Ina faɗar haka duk da cewa sana'ata ce. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, wanda ya ji haushi kuwa ka gode wa Allah da ka gane shi da wuri.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. 'Yan fashin da ke ƙwace mota ba sa barin ka da waya. Idan lambarka kaɗai na'urar ta sani, kuma manhajar tana cikin wayar da ke aljihunsu, ka sayi tiraka ne ka ba su. Dole a sa lamba ta biyu, ta mutumin da ba ya yawan shiga motar tare da kai, mai ɗaga waya ko ƙarfe biyun dare ne: ƙaninka, matarka, babban ɗanka, amininka. Ka zaunar da shi ka koya masa, ya tura saƙon da hannunsa ya ga motar ta mutu, ya sake ta ya ga ta tashi. Ka rubuta masa lambar layin, umarnin kashewa, na saki, na neman wuri, lambar motar da lambar casis mai haruffa da lambobi 17, ya ajiye a gida. Kai kuma ka haddace lambar wayarsa da ka, don da wayar aro za ka kira shi. A wayarka kada ka sa wa layin suna "Tiraka" ko "Motata", ka ba shi sunan mutum, ka riƙa goge saƙonnin, ka kuma kulle manhajar.

Ranar da abin ya faru

Allah ya kiyaye, amma idan an tare ka, ka ba da makulli ka ja baya. Kada ka ce musu akwai tiraka, kada ka yi barazana. Idan sun tafi da kai ko da wani naka a cikin motar, ba a kashe ta. Motar da ta mutu a hannun mai bindiga alhali mai ita yana zaune a baya, kan mai ita fushin zai sauka. Wanda ka ba amana ya san wannan tun kafin ranar: ya bi motar a taswira, ya sanar da jami'an tsaro, ya bar rile sai ya ji muryarka ka ce kana wuri mai aminci.

Idan kai ka tsira kuma motar ce kawai ta tafi, ka fara kiran 112 ko caji ofis mafi kusa, sannan a duba inda take. Lokacin kashewa shi ne sa'ad da take tafiya a hankali ko ta tsaya, a wurin da jami'ai za su iya isa da wuri, kuma tun ba ta fita daga sabis ba. Kashe ta a tsakiyar dajin da ba mai iya zuwa yana ba ɓarayi awanni ne su lalubo rilen su haɗe wayar. Kada ka tara 'yan unguwa ku bi ta da kanku. Ka kuma tuna cewa saƙon tes da bai shiga ba yana jira ne a hanya, zai iya shiga daga baya, lokacin da wataƙila ɗan sanda ne ke tuƙo motar zuwa ofis. Da zarar an same ta a tura na saki.

A fili GPS yana nuna wuri da kuskuren 'yan mitoci. Idan an shigar da motar ƙarƙashin rufin kwano ko ginin ƙasa, na'urar tana komawa lissafi da turakun sabis, wanda zai iya kaucewa da ɗaruruwan mitoci ko fiye. A irin wannan hali wurin ƙarshe da ta nuna kafin ta rikice shi ne abin ba jami'ai.

Inda ƙarfinta ya ƙare

Duk abin nan a kan sabis ya dogara. A Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, duk tirakar da ta shiga yankin ta zama kurma. Haka motar da aka tsallaka da ita Nijar ta Jibiya, Maigatari ko Illela: da ta yi nisa da iyaka layin Najeriya zai yi shiru, sai fa idan an buɗe masa aiki a ƙasar waje tun farko kuma akwai kati a ciki. Mazauna garuruwan iyaka su tambayi kamfanin layinsu wannan. Akwai kuma ɓarayin da ke yawo da na'urar toshe sabis, da masu ajiye mota a wani lungu kwana ɗaya ko biyu su ga ko za a biyo ta. Waɗannan na biyun su ne aka fi samun motoci a hannunsu, idan mai motar bai yi sanyin jiki ba.

Saboda haka mota mai tsada nakan ba da shawarar na'ura biyu: mai rile, da wata mai batirin kanta da ba ta haɗe da wayarin mota ko kaɗan, a layin wani kamfani daban. Ɓarawo idan ya samu ɗaya yakan daina nema. Ƙarfen kulle sitiyari da ɗan makunnin sirri na hannu su ma ba su tsufa ba. Inshora kuwa, ta dole ɗin nan ta naira 15,000 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan sata.

Masu ba da A Daidaita Sahu haya, wata magana a gefe: na ga masu kashe wa direba inji a tsakiyar titi da fasinja a ciki don bai kawo balas ba. Wannan ganganci ne da rayukan mutane. Idan za ka yi, ka bari ya ajiye da dare, kuma ya zama ya san da na'urar tun ranar da kuka yi yarjejeniya.

Kulawa ba ta da yawa. Sau ɗaya a wata, motar tana tsaye a gida inji yana aiki, a tura umarnin kashewa daga lamba ta biyu, a ga ta mutu, a sake ta, a duba kati da data. Wannan gwajin shi ne kuma ke hana a rufe layin. Idan za ka yi tafiyar makonni ka bar motar, ka sani na'urar tana ɗan shan batir ko mota a kashe take, tsohon batir zai iya sauka. Duk lokacin da motar ta kwana a gareji, ko aka taɓa wayarinta, ka sake gwadawa a ranar da ka karɓo ta. Idan kuma ta hannu ka saya, ka sa a bincika ko akwai tsohuwar tiraka a ciki kafin a ɗaura taka, domin mai ita na farko ko dillalin da ya sayar maka zai iya kasancewa yana riƙe da lambar har yanzu.